Madarar Ashraf

Kaura Namoda,
Litinin, cikin watan Safar.

Zuwa ga taubashiyata Saude, gidan Kawu Zubairu, Zurmi.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Kawu da Inna Kulsumu da maigidanki Halilu da 'yar lukutarki Salima. Ni dai da sauƙi, alhamdu lillahi. Zazzaɓin ya sauka, yau har na taka daga gado zuwa bakin ƙofa ba wanda ya riƙe ni. Ɗinkin ne ya ƙi kamewa, likita ya ce ba maganar sallama tukuna.

Ki ga yadda zamani ya mayar da mu baya. Ga waya a hannuna cike da caji, amma tun da aka katse layi a jihar nan ba ta da amfani sai haska fitila. Wannan takarda Maitama direba zai kawo miki, shi yake lodin Zurmi daga tashar Kaura. Duk abin da za ki rubuto ki ba shi.

Saude, ban san ta inda zan fara gode miki ba. An ciro yaron nan ban san inda kaina yake ba. Aka yi suna ina kwance, aka sa masa sunan mahaifin maigidana Jibrilu ana kiransa Ashraf, Inna ta naɗe shi a zani ta tafi da shi Zurmi. Gani ɗaya na yi masa, shi ma dishi-dishi. Kin kuma san abin da likita ya faɗa, Inna ta ji da kunnenta: jinin da ya ɓalle ya sa dole suka cire mahaifar. Shi ne na fari, shi ne auta. Ga nono ya ƙi zuwa. Kunun kanwa na sha har ya fita raina, ko ɗigo babu.

Inna ta aiko cewa madarar da aka fara ba shi ta kusa ƙarewa, kuma yana yawan kuka da yamma. Ga gwangwani nan mai shuɗin murfi, lamba ɗaya, ta jarirai sabuwar haihuwa. Don Allah ki bi abin da zan faɗa. Ki wanke hannunki da sabulu kafin ki taɓa komai. Ki tafasa fida da bakinta kullum. Ruwan a tafasa shi, a zuba shi a fida tukuna, sannan garin. Da ɗan cokalin da ke cikin gwangwanin za ki auna, ki shafe kansa kada ya yi tozo. Ki ɗiga a bayan hannunki ki ji ta huce kafin ki ba shi. Abin da ya rage a zubar, kada a ce asara ce a ajiye masa. In ya sha ki ɗora shi a kafaɗa har ya yi gyatsa. Sannan ki lallaba Inna, kada ta ba shi daurin nan nata na saiwoyi, ko nonon shanu.

Abu na ƙarshe. Kunyar ɗan fari ta hana ni tambayar Inna, amma ke abokiyar wasata ce, ba kunya tsakaninmu. Da wa ya yi kama? Yana da gashi? Ki rubuto mini komai, ko hamma ya yi ina son in ji.

Taki,
Ummulkhairi.

Zurmi,
Alhamis.

Zuwa ga Malama Ummulkhairi.

Wa alaikumus salam. Gaisuwa da duba jiki, Allah shi ƙara sauƙi. Mu nan lahiya lau. Baba da Inna na gaishe ki. Halilu ya leƙa Gurbin Bore ya dubo geronmu, ya ce ya nuna, amma ba mai iya tsayawa yanka saboda mutanen daji, ya dawo hannu rabbana. Muna nan dai raɓe gidan Baba har Allah shi kawo zaman lahiya.

Takardarki ta iso da gwangwani. Da na kai wurin da kinka ce in wanke hannu da sabulu sai na aje ta na yi dariya, daga baya dariyar ta koma haushi. Haba Ummu! Ɗiya ukku na haifa, duk ga su nan suna tsalle, ni za a koya ma wankin hannu? Don kin tafi kwalejin malamai ni an barni gida da tukunya, sai ki ɗauka cikin toka nike kwana? To na ji, Malama. Na wanke har gwiwar hannu.

Yaronki hancin Jibrilu ya kwaso, amma goshin naki ne sak, har da tamke girar nan da kike yi in an taɓa miki littafi. Gashi kuwa cunkus, har ƙeya.

Maganar kuka gaskiya ce. Da safe yaro kamar ba shi ba, ya sha, ya yi barci. Da an sallame la'asar sai ya tashi. Ya takure ƙafafu zuwa ciki, ya dunƙule hannu, fuska ta yi jajir, cikin ya ɗaure tamau kamar ganga. Haka za mu yi ta fama har a kira isha'i. Matan maƙwabta sun gama leƙowa, kowa da nata magani. Mai shuɗin murfin ga ba ta canza komi ba, sai ma tumbuɗi da ta ƙara mishi. Duk kafaɗun rigunana tsami sukai.

Amma ki kwantar da hankalinki, yaro ya san ni. In na kifa shi bisa hannuna ina zagaya tsakar gida ina mishi waƙar da nike ma Salima, sai ka ga ya lafa. Inna ta karɓa ya ƙi. Baba ya tofa mishi addu'a ya ƙi. Ni kaɗai ya yarda da ni, ko muryata ya ji daga madafa sai ya juyo. Jiya ina ba Salima nono shina kwance gefe, sai ya kama wawure-wawure da baki kamar ɗan tsako. Inna ta ce mi za a yi da gwangwani, ga abinci Allah ya aje cikin gida, nono ya yi ma Salima yawa har zuba shikai? Na ce a'a, sai an ji ta bakin uwarsa.

To ga tambaya nan, ki ba mu amsa.

Yayarki,
Saude.

Kaura Namoda,
Lahadi.

Saude,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan kowa lafiya. Ɗinki ya fara kamewa, an rage mini allurai.

Na ji daɗi da yaro ya san ki. Na karanta wurin, na sake karantawa, har na haddace. "Ni kaɗai ya yarda da ni." Sannu, Saude. Sannu da ƙoƙari. Ina kwance a ɗakin da kowace mace da jaririnta a gefe, ni gefena sai fulas da kofi, sannan ki zauna ki tsara mini yadda ɗana yake juyowa in ya ji muryarki daga madafa. Muryata fa? Ko a hanya ya ji ta bai san ta wace ce ba. Ban ci abincin rana ba ranar da takardarki ta zo, in kina son ki sani.

Maganar wanke hannu kuwa ba raini ba ne. Haka aka rubuta a jikin gwangwanin, ko matar gwamna ce haka za a ce mata. Ke ce dai kullum kike jiran in buɗe baki ki ce na yi miki gorin boko.

Na kai maganar kukan wurin Sista Hindu, babbar nas ta ɗakinmu. Ta ce murɗar cikin jarirai ce, ba lalle madara ce ta kawo ta ba, kuma yawanci takan wuce da kanta in yaro ya kai wata uku zuwa huɗu. Ta ce a duba hujin bakin fidar, in ya yi faɗi yaro iska yake haɗiya. Ta ce yawan canje-canjen madara shi ma yana dagula ciki. Amma tun da tumbuɗin ya ƙaru, a gwada wannan mai rawayan murfi, an yi ta ne don masu laushin ciki. Da ƙyar aka samo ta, ƙarami ɗaya ya rage a kemis ɗin, kaya ba sa shigowa. Ki ba ta lokaci, kada kwana biyu ki ce ba ta yi ba.

Yanzu tambayar Inna. Amsata a'a. Sista Hindu ma ta ce nonon mutum ya fi kowane gwangwani in mai shayarwar lafiyarta ƙalau, na ce mata ita allura ta karanta, ba ta zauna gaban Baba, Allah ya jiƙansa, ta ji hukuncin shayarwa ba. Ko ɗigo ɗaya ya wuce maƙogwaron jariri, magana ta ƙare. Kin zama uwarsa, Halilu ubansa, Salima da yayyenta 'yan uwansa, aure ya haramta har abada. An gaya mini ranar suna Kawu ya ɗaga shi ya ce ga mijin Salima ya iso. To don me za mu rufe ƙofar da babba ya buɗe? Ki faɗa wa Inna haka, da ladabi.

Kuma in kina ba Salima, ki daina kwantar da shi kusa. Ki miƙa wa Inna shi ta fita da shi zaure.

Ummulkhairi.

Zurmi,
Laraba.

Malama,

Gaisuwa. Muna lahiya. Salima ta fara zama, sai ta tuntsure gefe tana dariya.

Oho! Ashe auren Salima ke hana ki barci? Allah mai iko. Ke da cikinki na wata bakwai kinka zauna kan tabarmar Inna kina cewa ɗanki likita zai zama, sai Abuja za a je nemo mishi mata? Yaushe ɗiyar manomi ta shigo lissafi? Wasan Baba ne, kowa ya san wasa ne. Ki faɗi gaskiya mu huta: kishi kike da ni. Na rubuto miki yaro ya saba da ni don ki samu barci, ki san ba a hannun banza yake ba, ke kuma kin ɗauka gwalo nike miki. Wallahi da na sani da na ce miki tsana ta yakai.

Duk da haka ɗanki ne. Na gaya ma Inna, ta taɓe baki ta ce Allah shi kyauta. Ban ba shi ba.

Mai rawayan murfi ta ɗan fi. Tumbuɗin ya ragu, kukan la'asar na nan amma ba kamar da ba. Sai ga mijinki ya tsoma baki. Jibrilu ya aiko wani ɗan Moriki daga Shinkafi da ƙaton gwangwani, wai wajen 'yan Maraɗi masu shigowa ta Jangeru ya samo. Rubutun jikinsa duk Faransanci, har malamin makarantar unguwarmu ya juya shi ya juya ya miƙo min abina. Saƙon Jibrilu shi ne a bar ƙananan nan, wannan lamba biyu ce, ta fi lamba ɗaya ƙarfi, ɗansa ba zai sha ta baya ba. Inna ta ce umarnin uba ne. Munka ba shi.

Ummu, ban taɓa ganin wahala irin ta kwanakin ga ba. Kashi ya ɗauke. Yaro ya yi ta nishi, ya yi ta miƙa, da ƙyar ya fitar da wani abu ƙiri-ƙiri kamar na akuya. Na ɗauke gwangwanin na ɗora bisa rumbu, na koma ma mai rawayan murfi ba da shawarar kowa ba. In Jibrilu zai yi faɗa ya zo ya same ni.

Amma ta kusa ƙarewa, ina jin cokali na taɓa gindin gwangwani. Mai shuɗin ma tuni ta ƙare. Halilu ya zaga kemis-kemis na garin ga, ba komi sai madarar shayi ta manya. Ki aiko da wata da motar gobe, kada ki tsaya rubuta min wa'azi.

Saude.

Kaura Namoda,
Asabar, farkon watan Maulidi.

Saude,

Sallama. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Washegarin da takardarki ta zo na sa aka bazama, aka samo mai rawayan murfi daga Gusau. Maitama ya ɗauka, bai yi nisa ba ya juyo, an tare hanya, an harbi wata mota a gabansu. Daga nan motocin Zurmi suka ajiye aiki. Fiye da mako ina zaune da gwangwani a ƙarƙashin filo, ina lissafin abin da ya rage a naki. Jibrilu kuwa ya zo duba ni, na wanke shi tas a gaban mutane. Lamba biyu ta yaran da suka wuce wata shida ce. Mutum da digirinsa, magatakarda a kotu, ya ɗauka madara ma matakin albashi ce.

Shekaranjiya aka buɗe hanya. Maitama ya je ya dawo. Ya ce Inna ce ta fito zaure ta karɓi gwangwanin, ta ce an gode, ta koma ciki. Ke ba ki fito ba. Ba takarda, ba saƙon baki. Na ce masa da wane lokaci ka je? Ya ce bayan la'asar. Na ce ka ji kukan jariri? Ya ce gidan tsit, sai kaji.

Saude, abu biyu ne za su sa yaron nan shiru bayan la'asar. Na farkon ba zan iya rubuta shi ba. Na biyun kuma na hana ki.

Tun jiya nake roƙon Allah ya sa ba na farkon ba ne, in na shafa sai in tarar ba na son ya zama na biyun. Ki dubi irin matsayin da kika ajiye ni. In wani abu ya same shi ku faɗa mini, ni ba yarinya ba ce, an yanka cikina ma ban mutu ba. In kuwa yana raye, ki ɗauki biro ki gaya mini me yake ci.

Ummulkhairi.

Zurmi,
Litinin.

Ummu,

Wa alaikumus salam. Ɗanki na raye, lahiyarsa lau, har kumatu ya aje. Ki sha ruwa tukun, sannan ki karanta sauran.

Na ba shi nono. Ban fito wurin Maitama ba don ban san da bakin da zan aiko miki ba, amma tun da kin tambaya, ga yadda anka yi.

Madara ta ƙare ranar Juma'a. Na zuba ruwa na ɗauraye gwangwanin na ba shi, wannan ya kai mu dare. Asabar munka sauko da ta Jibrilu, ya sha kaɗan ya amayo, ya ƙi karɓar fidar sam. Inna ta dama koko salala, na ce uwarsa ta hana irin wannan. Ta tafasa nonon shanu, na ce uwarsa ta hana. Ta ce to mi uwarsa ta bari? Zuwa hantsin Lahadi yaro ya bar kuka. Ba shirun ƙoshi ba, Ummu. Leɓe ya bushe, maɗigar kansa ta faɗa, tun safe bai jiƙa tsumma ba. Ni kuma ina zaune gabansa rigata ta jiƙe sharkaf da nonon da Salima ta bari.

Na aika anka kira Halilu daga ƙofar gida, na ce ka yarda? Ya ce mi kike jira? Baba ya ce ceton rai ya wuce komi, ya yi bisimilla da kansa. Na ɗauke shi na sa mishi. Da farko ko kamawa bai iya ba, sai da na matsa mishi a baki. Da ya ji, ya damƙe. Ya sha har zufa ta karyo mishi a goshi, Inna na gefe tana kuka.

Tun ran nan shi ɗaya Salima ɗaya. Murɗar la'asar ba ta tafi duka ba, yakan taɓa, amma da na sa shi a ƙirji sai ya yi luf. Sabon gwangwaninki na nan ban fasa ba.

Ba zan ce ki yafe min ba, don in an maimaita haka zan sake yi. Kuma tun da yau ranar faɗin gaskiya ce, ki ji tawa. Tun muna ƙanana komi ke. Ke anka kai makaranta, ke anka ɗinka ma inifom, ke kinka auri mai ofis, ke ka zuwa gidan ga da jaka a rataye ana shimfiɗa miki darduma ni ina hura wuta. Yau Allah ya ba ni abu ɗaya da babu shi kantin Kaura, babu shi Gusau, babu shi Maraɗi. In na ce miki ban ji daɗi ba sa'ad da ya kama, na yi ƙarya. Na ji, har cikin raina.

Amma ban sace miki ɗa ba. Raya miki shi na yi.

Saude.

Kaura Namoda,
Alhamis.

Zuwa ga Saude.

Sallama. An sallame ni jiya, ina ɗakina.

Na karanta. Na gode wa Allah da ya raya shi. Ke ma na gode, tun da dole a ce an gode. Abu ɗaya tak na mallaka a duniyar nan da ba zan sake samun irinsa ba, kin shiga cikinsa kin zauna, kuma ba malamin da zai iya fitar da ke. Har kina gaya mini kin ji daɗi.

Jibrilu zai zo ranar Asabar ya ɗauko shi. Inna ta rako shi in za ta iya. A haɗo kayansa duka, da fida, da gwangwanin da ba a fasa ba. Ba sai kin wahalar da kanki kin biyo su ba.

Ummulkhairi.

Zurmi,
Asabar.

Malama,

Ga ɗanki nan. Na ba shi ya ƙoshi kafin su shiga mota, zai kai ku azahar. Ba ya son a kwantar da shi rigingine, kuma in zai yi barci sai ya riƙe yatsan mutum. Kayansa sun cika, ki ƙirga. Allah shi raya.

Saude.

Kaura Namoda,
Litinin.

Yaya Saude,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida Kawu da Halilu da yara. Inna ta iso lafiya, tana nan tare da mu, kallona kawai take yi.

Na ga ɗana. Ashe haka yake da kyau? Ba ki faɗi rabi ba. Da Inna ta miƙo mini shi na rungume shi na shige ɗaki na tura ƙofa, kunyar ɗan fari ta bi ruwa. Ya buɗe ido ya kalle ni, ya tamke gira, ya juya kai yana neman wata.

Ya ƙi fida, Saude. Na fasa mai rawayan murfi, na haɗa ta yadda aka rubuta, ba ƙari ba ragi. Da bakin robar ya taɓa leɓensa sai ya turo shi da harshe ya ƙwalla ƙara. Jibrilu ya fita ya sayo wata fidar mai laushin baki, ya ƙi. Na sa aka sayo mai shuɗin murfi, ya ƙi. Mai kemis ya ba mu wata ta waken suya, ko buɗewa ban yi ba, Sista Hindu ta zo har gida ta ce in ajiye, ba madarar ce matsalar ba. Ta nuna mini yadda ake ba shi da ɗan kofi, kaɗan-kaɗan. Rabi na shiga, rabi na bin wuya. Da haka muke riƙe da shi. Ta ce wani yaron yakan haƙura ya karɓa in an jure, wani kuma sai ya rame tukuna, kuma wannan bai daɗe da farfaɗowa ba. Ta tambaye ni ina wadda ta shayar da shi. Na ce tana Zurmi. Ta ce Zurmi ai ba Makka ba ce.

Jiya da la'asar na ga abin da kike faɗa. Na kifa shi a hannuna na zagaya tsakar gida har ɗinkina ya fara ja. Na yi masa duk waƙar da na sani. Inna ta ce ba wannan ba ce, ta rera mini taki, na bi ta, bai ko saurara ba. Gwangwani uku jere a kan tebur kamar mai shirin buɗe shago, ɗana na kuka a gabansu.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ke ma ba ki yi mini ba. Ina kishinki. Ban taɓa jin kishin wani mahaluki kamar yadda nake jin naki ba, kuma ban ga ranar da zai fita ba. In kin zo zan zauna in zuba miki ido kina ba shi, raina yana ƙuna. Wata rana zan yi miki magana mai zafi ba dalili. Ke ma ki rama, kin iya.

Mayar da shi Zurmi kuwa ba zan iya ba. In ya sake fita daga gidan nan ban san abin da zan zama ba. Don haka ke za ki zo. Jibrilu ya rubuta wa Halilu, takardar na tare da wannan, yana roƙonsa ya bar ki ki zauna da mu har yaron ya yi ƙwari ya fara shan koko. In Halilu ya ga dama shi ma ya taho, ɗakin zaure babu kowa, Kaura ba ta rasa aikin hannu. Ki zo da Salima da yayyenta. Ai yanzu gidan ƙaninsu ne, ko ina so ko ba na so.

Maitama ya ce zai ajiye miki gidan gaba, kusa da taga. Yanzu haka Ashraf na kan cinyata, ya gaji da kuka, yana lalubar gaban rigata da baki, ni kuma ba abin da zan ba shi. Ki taho da motar farko, Yaya. Kada ki tsaya wanki.

Ƙanwarki,
Ummulkhairi.